Ɗan Mai Gida da Tankin Hawa na Uku

Karo na uku ke nan cikin mako guda da Mirlande Desrosiers, 'yar Haiti, ta sauko daga hawa na uku ta ƙwanƙwasa ƙofar mai gidan da suke haya. Safiyar Litinin ce a watan Janairu, sanyin garin Fall River yana ratsa ƙashi. Tana sanye da kayan aikinta na jinya, bayan hannunta ya yi ja inda tafasasshen ruwa ya fallatso mata, don tun da sassafe take dafa ruwa a tukunya tana kaiwa banɗaki saboda wankan mahaifiyarta.

Ta riga ta tace kalaman da za ta faɗa wa Senhor Gilberto Furtado, domin dattijon ba ya son jin an ce wani abu ya lalace a gidansa. Sai dai da ƙofar ta buɗe, wani saurayi ta gani dogo, da kofin shayi a hannu da rigar aiki mai tabon mai. Ya ce sunansa Duarte, shi ne ɗan gidan, bai daɗe da dawowa daga Boston ba inda ya koyi aikin famfo da gas. Mahaifinsa ya fita.

Ta gaya masa ruwan zafinsu ya sake ɗaukewa. Hannunta yake kallo.

"Wannan ƙunar fa?"

"Tankinku ne ya ba ni tukwici," in ji ta, sannan ta ji kunyar abin da ta faɗa.

Ya ajiye kofin ya ɗauko jakar kayan aikinsa ya bi ta sama.

Tankin yana cikin wani ɗan loko kusa da kicin. Duarte ya durƙusa, ya fara sunsunawa ko akwai warin gas, sannan ya haska ƙasan tankin da tocila. Ya nuna mata 'yar ƙaramar wutar da ya kamata ta riƙa ci ba dare ba rana, wadda ita ke kunna babbar idan ruwa ya huce. Ta mutu. Ya tambaye ta ko ruwan yakan fara da ɗumi ne ya huce, ko kuwa da sanyinsa yake zuwa, ko tana jin ƙara, ko ta taɓa ganin jiƙa a ƙasa. Ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya, tana mamakin yadda yake sauraro kamar likita.

Daga falo Madam Yolette, mahaifiyarta, tana kallonsu daga kan kujerarta. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinta na hagu ya shanye, magana ma da ƙyar take fita, amma idonta ba abin da ke wuce shi.

Duarte ya kunna wutar, ya rubuta lambarsa a bayan wata takardar kanti, ya ce saboda tankin ne. Mirlande ta ce ta gane, saboda tankin ne.

Kwana biyu tsakani ta tura masa saƙo.

"Likitan tanki, majinyacinka ya sake suma."

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar.

"Idan kin ji warin gas kada ki taɓa komai, ki buɗe taga. Idan babu, ki jira ni ƙarfe biyar. Yaya hannun?"

Ranar ya canja wata 'yar siririyar waya da ke jin zafin wutar, ya ce idan ta tsufa ita ke rufe gas ba dalili. Mako ya zagayo tankin ya fara gurnani kamar ana gara duwatsu a ciki. Ya dawo da tiyo ya tsiyaye shi cikin bahon wanka, ruwa ya fito jajir da yashi da tsatsa. Suka tsaya suna kallo, kafaɗarsa na gogar tata, babu wanda ya matsa. Bayan ya gama ta zuba masa shinkafa da wake da soyayyar ayaba, ya ci har yana gumi saboda barkono, yana rantsuwa bai ji yaji ba.

Daga nan saƙonni suka daina zama na tanki kaɗai.

"Miri, yau na shiga gida shida, a kowanne sai na ji kamar ke za ki buɗe ƙofar."

"Ka mai da hankali kan aikinka kada ka haɗa wa mutane ruwan zafi a masai."

"Ko na haɗa laifinki ne. Kin ci abinci?"

"Na ci. Kai fa, likitana?"

Madam Yolette ce ta fara nuna damuwa. Wata ranar Mirlande tana taje mata kai, ta kama hannunta da hannun mai lafiya, ta harhaɗa kalmomi a hankali. Ta ce yaron yana da kirki, amma ɗan mai gida ne. Idan abu ya yi daɗi, to. Idan ya ɓaci, ina za su nufa da keken guragu cikin wannan ƙanƙara? Mirlande ta ce, "Manman, ba abin da zai ɓaci," amma maganar ta zauna mata a ƙirji. Ta tuna wata huɗu da ta yi tana neman gida kafin ta sami wannan, da yadda masu gidaje ke sauya fuska da zarar sun ji akwai marar lafiya.

A ƙasa ma an lura. Dona Lurdes, mahaifiyar Duarte, ta ƙirga hawa da saukar ɗanta ta gaya wa mijinta. Senhor Gilberto ya kira shi ya ce tankin nan da hannunsa ya kafa shi shekara goma sha huɗu da suka wuce, bai taɓa ba shi kunya ba, yarinyar ce ba ta iya amfani da shi ba. Ya ce ba a haɗa haya da soyayya. Ya kuma tuna masa da Telma, 'yar amininsa da suka fito tsibiri ɗaya, wadda kowace Asabar take zuwa taya Dona Lurdes gasa burodi, kowa a coci ya san inda aka dosa. Duarte ya ce shi bai taɓa yi wa Telma alkawari ba. Uban ya ce shi ya yi.

Ranar Juma'a wutar ta sake mutuwa. Wannan karon Duarte bai yi wasa ba. Ya daɗe yana duba saman tankin, inda bututun hayaƙi ya tashi ya shige bango. Ya shafa da yatsa, yatsan ya fito baƙi. Ya kunna tankin, ya ce ta ara masa madubin jakarta, ya kara shi a bakin bututun. Nan take madubin ya yi gumi.

Mirlande ta ga fuskarsa ta canja.

Ya yi mata bayani cewa hayaƙin da ya kamata ya fita ta rufin gida dawowa yake yi cikin ɗaki, shi ke kashe wutar. Wani abu ya toshe hanyar a sama. Ba sai ya gaya wa ma'aikaciyar jinya abin da wannan iskar ke yi ba, ta sha ganin waɗanda aka kawo asibiti saboda ita, ba ta da wari, ba ta da launi.

Ya rufe gas ɗin tankin, ya sauka wurin motarsa ya ɗauko wata 'yar na'urar ƙararrawa ya maƙala a bangon kicin.

"Miri, ki yi haƙuri, za ki koma dafa ruwa na kwana biyu. Kada a kunna shi sai na hau rufin nan na gani da idona."

"Mahaifinka zai yarda?"

"Ki bar ni da shi."

Senhor Gilberto bai yarda ba. Ya ce babu mai hawa masa rufi cikin ƙanƙara saboda madubin mace ya yi gumi, yaran yanzu daga sun riƙe takarda sai su ga kowa jahili ne. Duarte ya ce ko da izini ko babu, ranar Litinin zai kawo tsani. Da safiyar Asabar aka kira shi aikin gaggawa a wani gari, bututun wata makaranta sun fashe saboda sanyi, ya tafi da asuba.

A safiyar nan Mirlande tana saukowa za ta tafi aiki ta haɗu da Telma a bakin matakala, da buhun fulawa a hannu. Telma ta gaishe ta da fara'a, ta tambayi jikin Madam Yolette, sannan ta rage murya kamar mai ba da shawara. Ta ce ita mace ce, ba ta son ta ga ana wasa da 'yar'uwarta mace. Duk hawa da saukar da Duarte ke yi, mahaifinsa ne ya sa shi, don a lallaɓa ta kada ta kai ƙara ofishin duba gidaje na gari. Ta ce a teburin cin abinci ake maganar, har dariya ake yi. Su kuwa nasu bikin sai bazara.

Mirlande ba ta san yadda ta kai asibiti ba. Duk yinin ranar tana auna jinin mutane, maganar Telma tana yi mata yawo a kai. Wayarta ta yi ta motsi a aljihu, ta ga sunansa sau biyar, ba ta buɗe ko ɗaya ba. Ta riƙa tuno kowace kalma da ya taɓa faɗa mata tana juya ta, tana neman inda ƙaryar take.

Da yamma ta dawo, matar cocinsu da ke zama da Manman da rana ta riga ta tafi. Ta buɗe famfo za ta wanke hannu, sai ta ji ruwa da zafinsa. Ta leƙa falo ta tambaya. Madam Yolette ta ɗaga hannu ta nuna lokon tankin, ta ce, "Ya zo. Ya gyara."

Mirlande ta ɗauka Duarte ne. Ta ce a ranta, ashe hawan rufin ma zance ne, ko kuwa ya hau ya gama don a rufe mata baki. Ta kashe wayar ta jefa cikin jaka.

Ranar Lahadi da safe ta ce bari ta rama wa Manman wankan da ta rasa. Ta cika baho, ta sa wanki a inji, ta ɗora miya ta kunna fankar da ke zuƙe hayaƙin girki. Tagogi duk a rufe, an liƙe gefensu da leda saboda sanyi. Tana cikin shafa wa Manman mai ta ji kanta yana sarawa, ta ce kukan jiya ne. Manman ta ce barci take ji, kanta ya fara langaɓewa.

Sai ƙararrawar bangon kicin ta fara ƙara.

Daƙiƙa biyu Mirlande ta yi a tsaye kafin ta gane. Ta yage ledar taga ta wangale, ta wangale ta biyun, ta kunna waya ta kira 'yan kwana-kwana. Ta yi ƙoƙarin ɗaga Manman, ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta, ga hawa uku a gabanta. Ta danna lambar da ta yi rantsuwa jiya ba za ta sake kira ba.

"Duarte, ƙararrawar. Manman ba ta amsa ni sosai."

Cikin dare ya dawo, yana ƙasa yana ɗaura lakatayen zuwa coci. Ta ji takunsa yana haɗa matakala bibbiyu. Ya shigo ya rufe gas, ya naɗe Madam Yolette da bargo ya sungume ta, ya ce wa Mirlande ta riƙe rigarsa ta baya kada ta saki. Haka suka sauko. A hawa na biyu ya daki ƙofar maƙwabta da ƙafa ya ce su fita. A ƙasa Senhor Gilberto yana tsaye cikin kwat ɗinsa ta coci, ya ga an wuce da matar kanta yana lilo, ya dafa bango.

An sa musu iskar numfashi tun a cikin motar asibiti. 'Yan kwana-kwana suka hau rufin, suka tarar bulo biyu sun rufta cikin bututun hayaƙin, kurege kuma ya yi sheƙa a kai.

Mirlande ta warware kafin azahar. Madam Yolette kuwa likita ya ce sai an ga yadda zuciyarta za ta yi zuwa gobe. Mirlande ta zauna a bakin gado tana kallon na'urar da ta saba karanta wa 'yan'uwan wasu, yau ga shi kowace lamba tana tsinka mata zuciya.

Duarte yana baranda tun safe. Da ta fito shan ruwa ya miƙe. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kai ka ce kada a kunna. Don me ka dawo ka kunna ba ka hau rufin ba? Don kada in kai ƙara?"

Ya dube ta kamar bai fahimci yaren ba. Sai ta ga ya gane wani abu, ya buɗe baki, ya rufe, ya sunkuyar da kai. Shirun nan ya fi mata zafi a kan duk abin da Telma ta faɗa. Ta juya za ta koma.

"'Yata, tsaya."

Senhor Gilberto ne, yana zaune can ƙarshen benci, hularsa a hannu, Dona Lurdes a gefensa. Mirlande ba ta ma lura da su ba. Ya taso a hankali kamar wanda ya ƙara shekara goma.

"Ba shi ba ne. Ni na hau wurinku jiya da rana na kunna. Ya gaya mini, ya roƙe ni, na ce yaro ne. Na so in nuna masa har yanzu na fi shi sanin gidana." "Yanzu ma ya yi shiru ne don ya rufa mini asiri. Ni ban cancanci haka ba."

Mirlande ta zaro waya ta buɗe saƙonnin jiya. Na ƙarshen ya ce:

"Miri, Pai, mahaifina, bai yarda ba tukuna, kuma na san halinsa. Ko wa ya zo, ko shi ne, kada ki bari a kunna tankin nan. Idan ranar Litinin ya hana ni hawa, ni da kaina zan kira ofishin duba gidaje. Gara ya yi fushi da ni shekara guda da wani abu ya same ki. Ki amsa mini ko da kalma ɗaya ce, hankalina ba a kwance yake ba."

Ta karanta sau biyu, hawaye na ɗiga kan gilashin. Ta faɗi abin da Telma ta gaya mata. Dona Lurdes ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, ta ce ba a taɓa yin wannan magana a teburinta ba, abin da ake yi kullum shi ne faɗa, uba yana cewa kada a hau, ɗa yana cewa sai ya hau. Maganar bikin bazara kuwa burin mijinta ne da amininsa, Duarte bai taɓa amsawa ba. Ta ce za ta je gidan su Telma da ƙafarta.

Washegari da hantsi Madam Yolette ta buɗe ido ta nemi shayi. Mirlande ta kifa kai a kan bargo ta yi kukan da ta riƙe tun jiya.

Ba su koma hawa na uku ba. Senhor Gilberto ya ce mace mai keken guragu ba ta da abin yi a saman bene, ya kwashe kayan ɗakinsa na baya a ƙasa ya ba su tun kafin a gama gyara. Ya tsaya a tsakar gida yana riƙe wa ɗansa tsani, bai ba da umarni ko ɗaya ba. Aka gyara bututun hayaƙin, aka sauke tsohon tankin aka kafa sabo, jami'in gari ya zo ya duba ya sa hannu. Mirlande ta ɗauki makonni ba ta iya barci sai ta tashi ta duba fitilar ƙararrawa, kuma ta daɗe kafin ta iya kallon dattijon ido da ido. Shi ma bai matsa mata ba. Kowace safiya dai sai ya share ƙanƙarar da ke kan motarta kafin ta fito.

Wata Lahadi a watan Afrilu, bayan an tashi daga coci, Duarte ya durƙusa gaban kujerar Madam Yolette ya ce ya zo neman auren 'yarta. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tambaye shi ko zai iya cin yaji har ƙarshen rayuwarsa. Ya ce zai koya. Mirlande tana bakin ƙofa ta rufe fuska da tafin hannu.

Da yammar ranar ya turo mata saƙo, ko da yake bango ɗaya ne tsakaninsu.

"Miri tawa, Manman ta amince, Pai ya amince, saura mutum ɗaya."

"Mutumin ya amince tun ranar da ka tambayi ƙunar hannunsa. Jan aji ne kawai."

An ɗaura auren a watan Yuni. Coci ya cika da dangin ɓangare biyu, 'yan Haiti da manyan huluna, mutanen tsibiri da baƙaƙen kwat, kowa yana waƙa da harshensa. A wajen walima aka jera burodi mai zaƙi na Dona Lurdes kusa da soyayyen naman da ƙannen Madam Yolette suka kwana biyu suna shiryawa.

Da aka nemi uban ango ya yi magana, Senhor Gilberto ya miƙe ya ce shi ba gwanin jawabi ba ne. Ya ce ya taɓa cewa ba a haɗa haya da soyayya, yau ga shi ya rasa 'yar haya ya sami 'ya, kuma shi ya ci riba. Ya taka har inda Madam Yolette take, ya tura kekenta zuwa gaban amarya da ango.

Ta kama hannun Mirlande ta ɗora a kan na Duarte, ta danne su da hannunta mai lafiya. Zauren ya yi tsit, aka jira ta har ta harhaɗa kalmominta.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Ya ba ku 'ya'ya masu jin magana, ku ma ya sa ku ji tasu. Ku tsufa tare."

Mutane suka amsa da amin. Dona Lurdes tana share hawaye da gefen mayafinta ta ce a zuba abinci kafin ya huce.